Igiyar Awo a Ruwan Manasarovar: Sharhi a kan Tafiyar Colin Thubron

Duk wanda ya buɗe taswira a wayarsa ya lalubi yammacin Tibet, dab da inda iyakokin Sin da Nepal da Indiya suka haɗu, zai ga wasu shuɗɗan tabo guda biyu kafaɗa da kafaɗa. Na gabas ya kusa zama da'ira, na yamma kuwa ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Na gabas ɗin shi ne tafkin da Indiyawa suke kira Manasarovar, mutanen Tibet kuma suke kira Mapam Yumtso. Yana bisa tudun da ya kai kusan mita 4,600 daga saman teku, wato kusan ninki huɗu na tudun da garin Jos yake kai. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 400, wanda zai kewaye shi da ƙafa kuwa sai ya taka kimanin kilomita 90. A wannan tsayi, iskar da mutum zai shaƙa a numfashi ɗaya ba ta kai kashi 60 cikin 100 na abin da zai samu a bakin teku ba.

Mu da muke neman abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun saba da yadda ake ajiye wuri irin wannan a rumbun bayanai. Akwai gurbin suna, akwai na tsayi, akwai na zurfi, sai kuma jerin lambobin da ke nuna inda gaɓar ruwa ta bi. Da an cike waɗannan gurabu, a wurinmu aiki ya ƙare. Amma mabiya addinai huɗu ne suke ɗaukar wannan yanki a matsayin wuri mai tsarki: Hindu, da Buda, da Jain, da kuma Bon, tsohon addinin Tibet. Akwai masu tara kuɗi shekara da shekaru don su zo su tsoma jikinsu a wannan ruwa mai sanyin ƙanƙara, wasunsu ma ba sa komawa gida. Wannan kam ba mu tanadar masa gurbi ba. To wanda ya je wurin da alƙalami, alhali bai yi imani da abin da masu wurin suka yi imani da shi ba, me zai iya rubutowa wanda ya wuce ado a kan lambobin da muke da su a waya? Tambayar da muka riƙe ke nan muka karanta littafin Colin Thubron mai suna To a Mountain in Tibet.

Mai tafiya da hanyarsa

Thubron ɗan Ingila ne, an haife shi a 1939, kuma yana sahun gaba cikin masu rubuta labarin tafiye-tafiye da Ingilishi. Ya yi littafi a kan Rasha a 1983, ya yi a kan Sin a 1987, a kan Siberiya a 1999, sannan a 2006 ya fitar da wanda ya bi tsohuwar hanyar fataucin siliki. Wannan da muke magana a kai ya fito a 2011, kuma gajere ne, shafi 200 ne da 'yan kai. Dutsen da sunan littafin yake nufi shi ne Kailash, mai tsayin mita 6,638, wanda yake arewa da tafkin, kuma har yau ba wanda ya taka ƙolinsa. Masu ziyara kewaye shi suke yi, tafiyar kimanin kilomita 52. 'Yan Buda da 'yan Hindu suna bi ta yadda hannun agogo yake juyawa, 'yan Bon kuma su bi ta akasin haka, sai su riƙa haɗuwa gaba da gaba a kan turba ɗaya.

Marubucin ya fara tafiyarsa daga Simikot, a gundumar Humla ta yammacin Nepal, yankin da yake cikin mafi talauci a ƙasar. Yana wajen shekara 70 a lokacin. Ya bi kwarin kogin Karnali da ƙafa, tare da ɗan jagora da mai dafa abinci da mai doki, har suka tsallaka iyaka zuwa garin Taklakot, wanda ake kira Purang. Daga nan mota ta kai shi bakin tafkunan biyu, kafin ya isa gindin dutsen a lokacin bikin Saga Dawa, sa'ad da ake sauke wani dogon turke mai tutocin addu'a a sake tayar da shi. Daga ƙarshe ya hau mashigin Drolma La, wanda ya haura mita 5,600, wurin da ya fi ko'ina tsayi a kewayen.

Zubin littafin ke nan, kuma miƙaƙƙe ne kamar hanyar. Jigonsa kuwa mutuwa ne. Mahaifiyar Thubron ta rasu ba da daɗewa ba kafin tafiyar, mahaifinsa ya riga ta, 'yar'uwarsa ɗaya tilo kuma tun tana da shekara 21 dusar ƙanƙara ta binne ta a tsaunukan Suwizalan. Shi kaɗai ya rage a gidansu. Bai zo neman lada ba, bai kuma ce ya zo neman waraka ba. Idan mutanen hanya suka tambaye shi dalilin zuwansa, amsar takan yi masa wuya, kuma bai ɓoye wa mai karatu hakan ba.

A bakin ruwa

A ganinmu, shafukan tafkin su ne zuciyar littafin, duk da cewa dutse aka sa a bango. Dalili shi ne a nan ne tafiya ta tsaya. A kwarin Karnali ƙafa ce ke aiki, a kewayen Kailash huhu ne ke faɗa, amma a bakin Manasarovar ba abin yi sai kallo, kuma a kallo ake gane marubuci.

Abin da yake gabansa yana da yawa. Sunan Manasarovar daga harshen Sanskirit yake, ma'anarsa tafkin tunani, domin 'yan Hindu sun ce a cikin tunanin Brahma aka fara samar da shi. Sunan da mutanen Tibet suka ba shi kuwa yana nufin shuɗin tafkin da ba a taɓa cin nasara a kansa ba. Maƙwabcinsa na yamma, Rakshastal, ruwansa na zartsi ne, kuma ana danganta shi da aljanu. Ɗaya rana, ɗaya wata. Ɗaya haske, ɗaya duhu. Wata 'yar magudana mai suna Ganga Chu ta haɗa su, wani lokaci ta kawo ruwa, wani lokaci ta ƙafe shekaru, kuma mutanen wurin suna ɗaukar gudanarta alamar alheri ce ga ƙasa. A bisa wani tsauni da ke kallon magudanar akwai gidan ibada na Chiu, da kogon da ake dangantawa da Padmasambhava, malamin da ya kafa addinin Buda a Tibet a ƙarni na 8. Ta kudu kuma ga dutsen Gurla Mandhata mai mita 7,694. A da gidajen ibada takwas ne suka kewaye tafkin. An rushe su a zamanin juyin al'adu na Sin, tsakanin 1966 da 1976, daga baya aka sake gina wasu.

Haka nan manyan koguna huɗu suna tasowa daga wannan yanki: Indus, da Sutlej, da Karnali, da Brahmaputra. A labarin mutanen Tibet kowanne daga bakin wata dabba yake fitowa, zaki da giwa da ɗawisu da doki. Masu binciken ƙasa sun gano cewa ba daga bakin tafkin kansa suke kwararowa ba, amma sun tarar da gaskiyar da ta fi ba da mamaki: mafarin dukkansu huɗu yana cikin wannan ɗan yanki. Tatsuniyar ta kuskure wa magudana, ta dace da taswira.

Ƙwarewar Thubron ita ce yadda ya ajiye waɗannan abubuwa biyu gefe da gefe. Yakan kawo abin da masu wurin suka ce, ya kawo abin da masu bincike suka gano, bai ɗora ɗaya a wuyan ɗaya ba. Bai yi wa mai imani dariya ba, bai kuma ari rigarsa ya sa ba. Na biyun nan ne ya fi wuya. Littattafan Turawa a kan Tibet cike suke da mutanen da suka kwana uku a tudu suka sauko suna cewa an buɗe musu ido. Thubron ya ga kyan wurin, ya faɗa da kalmomin da suka dace, ya kuma bar mana sanin cewa kyan bai amsa masa tambayarsa ba.

Mai kwalekwale

Darajar wannan kamun kai tana fitowa ne idan aka tuna wanda ya riga shi zuwa. A 1907 Sven Hedin, ɗan ƙasar Suwidin, ya iso bakin Manasarovar da kwalekwalen da ake naɗewa. Mutanen wurin ba sa shiga wannan ruwa da jirgi. Shi kuwa ya shiga, har da dare, yana sakin igiya mai nauyi a baki yana rubuta zurfi, har ya sami wurin da ya ɗan haura mita 80. Guguwa ta kusa halaka shi a wata fita. Ya koma Turai ya ce shi ne ya gano mafarin Brahmaputra da Indus da Sutlej, ya kuma zuba labarin a littafinsa Trans-Himalaya. Daga baya wani Ba'indiye mai zaman ibada, Swami Pranavananda, wanda ya yi ta komawa yankin shekara da shekaru, ya ƙalubalanci wasu daga cikin iƙirarinsa.

Mu ba baƙin wannan labari ba ne. A 1850 ayarin da Heinrich Barth yake ciki ya taso daga Tarabulus ɗauke da jirgin ruwa gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, kuma a 1851 Adolf Overweg ya harhaɗa shi ya shiga Tafkin Chadi yana zana tsibiran da Buduma suka san kowane lungunsu tun kaka da kakanni. Kalmar ganowa ɗaya ce a wuraren biyu, kuma a duka biyun masu wurin suna tsaye a gaɓa suna kallo.

Sai dai ba za mu yi saurin jifan Hedin ba, domin sana'armu jikar tasa ce. Lambar zurfin da ke wayarmu daga irin igiyarsa ta samo asali. Awo ba laifi ba ne. Da shi ake sanin ko ruwa yana ƙaruwa ko yana ja da baya, kuma rayuwar miliyoyin mutane a Indiya da Pakistan da Bangaladash ta rataya ga kogunan nan. Laifin yana ga wanda ya ɗauka cewa da ya sami lamba ya mallaki wuri. Thubron ya zo bayan shekara ɗari ba kwalekwale, ba igiya, kuma bai ce ya gano komai ba. Wannan ci gaba ne a adabin tafiye-tafiye, ko da yake ba shi ne ƙarshen magana ba.

Ladan da bai iya karɓa ba

Wurin da littafin ya fi taɓa mu shi ne hirarsa da wani mai zaman ibada na addinin Buda, wanda ya ba shi shawarar ya sadaukar da tafiyar ga mamatansa, domin ladan ya isa gare su. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun san sadaka ga mamaci, mun san ɗan da ya yi wa mahaifinsa aikin hajji. Addinan sun bambanta ƙwarai a kan abin da ke bayan mutuwa, amma buƙatar zuciyar ɗaya ce: wanda aka bari yana son ya san cewa akwai sauran abin da zai iya yi wa wanda ya tafi.

Thubron ya ji kyawun tayin, amma bai iya gaskata shi ba, kuma bai yi ƙaryar ya gaskata ba. Yana tafe yana tuna yadda ya zauna tantance takardu da wasiƙun iyayensa, wanne zai ajiye wanne zai zubar, yana tuna mahaifinsa soja da farautarsa a Indiya. Waɗannan tunane-tunane gajeru ne, suna zuwa su wuce cikin 'yan layuka, kamar mutumin da ya fara magana sai murya ta shaƙe masa ya juya kai. A kan hanyar hawa Drolma La akwai wurin da masu ziyara suke barin tsumma ko gashin kai, wasu su kwanta kamar matattu, don su gwada mutuwa kafin ta zo. Ya bi ta wurin, ya ga abin da suke yi, ya tsallake mashigin, ya sauko da rashinsa kamar yadda ya hau da shi.

Wasu masu karatu za su ce an yi musu rowa, sun bi mutum kwana da kwanaki bai ba su hawaye ko haske ba. Mu muna ganin a nan littafin ya fi gaskiya. Da ya ƙare da cewa ruwan tafkin ya wanke masa baƙin ciki, da ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya, ya kuma yi wa masu ziyarar ƙarya, don ya mai da ibadarsu maganin da baƙo zai tsaya ya sha ya wuce.

Inda ya gaza

Aibin littafin na farko harshe ne. A Rasha da Sin, Thubron ya koyi harshen mutane kafin ya shiga cikinsu, shi ya sa waɗancan littattafan suke cike da muryoyi. A nan da tafinta yake magana. A rabin littafin da ke Nepal abin bai yi muni ba, domin yana kwana a gidajen mutane, ana zama a bakin murhu, muna jin bashin da ke kansu da burin da suke yi wa 'ya'yansu. Amma da aka tsallaka iyaka, inda baƙo ba ya yawo yadda ya ga dama, kuma mutane suke da dalilin tauna magana kafin su furta ta, sai masu ziyara suka koma taro. Muna ganin kayan jikinsu da fuskokinsu da murmushinsu, ba ma jin abin da ya fito da kowannensu daga gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga shi kuwa mai ɗakin bai yi magana sosai ba.

Na biyu ya biyo bayan na farko. Inda mutane suka yi shiru, sai ɗakin karatu ya karɓe zancen. Shafi bayan shafi na sunayen abubuwan bauta, da rassan aƙida, da tarihin Turawan da suka riga shi. Bayanin yana da amfani, an kuma rubuta shi da kyau, amma mun san wannan dabara a aikinmu: idan bayanan gaskiya ba su iso ba, sai a cike gurbin da abin da aka tanada tun farko don kada allo ya fito wayam. Mai karatu yana fita ya san abin da littattafai suka ce tafkin yake nufi. Abin da yake nufi ga tsohuwar da ke ɗibar ruwansa a gora don ta kai gida, wannan bai samu ba.

Na uku, tafkin zango ne kawai a wurinsa. Dutsen ya nufa, don haka ruwan da ya fi dacewa da halin da yake ciki bai sami zaman da ya kamata ba. Abin yabo dai shi ne bai kau da kai daga siyasa ba. Rusassun gine-gine suna cikin littafin, haka ma jami'an tsaron da ke tsaye a kan masu biki.

Idan masu wurin ne a gaba

Don a ga abin da ya ɓace, yana da kyau a haɗa littafin da fim ɗin Zhang Yang na 2015, wanda aka sa wa suna Paths of the Soul da Ingilishi, a Sin kuma aka kira shi da sunan da mutanen Tibet suke kiran dutsen, Gang Rinpoche. Mutum 11 ne daga wani ƙauye a gundumar Markam, can gabashin Tibet, suka kama hanyar Lhasa, tafiyar kimanin kilomita 1,200, daga nan kuma su wuce Kailash, kusan wani nisan kamar haka. Kowane 'yan taku sai su tafa katakon da ke hannuwansu su miƙe rub-da-ciki a kan kwalta, da gabansu sanye da fata. A cikinsu akwai tsoho, da mai juna biyu, da ƙaramar yarinya, da mahaucin da yawan dabbobin da ya yanka yake damunsa. Tarakta ce take jan kayansu. Da mota ta buge ta, sai mazan suka riƙa jan akwatin kayan da hannu, su ajiye, su dawo inda suka tsaya su sake bin wannan tazarar rub-da-ciki, don kada taku ɗaya ya tafi a banza.

Wannan fage guda ya koya mana abin da shafuka da yawa ba su koyar ba. Ba mai ba da labari a fim ɗin, ba wanda ya tsaya fassara aƙida. Muna ganin mutanen da lissafinsu na nisa ya bambanta da namu. A manhajar taswira, hanya mafi kyau ita ce mafi gajarta. A wurinsu tazarar da jiki bai auna ba, ba a yi ta ba.

Amma fim ɗin ma yana da nasa shirun. Mutanen ƙauyen na gaske ne, tafiyar ma an yi ta, sai dai wasu abubuwan darakta ne ya tsara su, kuma fim ɗin bai nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Daraktan ba ɗan Tibet ba ne, kuma a Sin aka yi fim ɗin aka nuna shi, inda ya tara sama da yuwan miliyan 100 a 2017. Ba a ce uffan a kan mulki ba a cikinsa. Ashe kowanne ya biya kuɗin shiga: Thubron ya faɗi abin da ya ga dama amma bai ji mutane ba, Zhang ya zauna da mutane amma akwai abin da bai faɗa ba.

Tafkin da ake karantawa

Akwai wani tafkin da yake nuna cewa wannan magana ba ta adabi ba ce kawai. Lhamo Latso ƙarami ne, yana kudu maso gabas da Lhasa, a tsayin da ya kai wajen mita 5,300, kuma ana danganta shi da Palden Lhamo, wadda 'yan Buda na Tibet suke ɗauka mai tsaron zuriyar Dalai Lama. Ba wanka ake zuwa yi ba, kallo ake zuwa yi daga kan tudu, a jira abin da zai bayyana a fuskar ruwan. Bayan rasuwar Dalai Lama na 13 a 1933, mai riƙon ƙwarya Reting Rinpoche ya je wurin a 1935, ya ce ya ga haruffa uku, A da Ka da Ma, da wani gidan ibada mai rufin zinariya, da wani ƙaramin gida mai baƙon indararo. Aka fassara harafin farko da lardin Amdo, na biyu da gidan ibada na Kumbum. A 1937 masu nema suka isa ƙauyen Taktser suka sami yaron da ya zama Dalai Lama na 14.

Mutum ba sai ya yarda da wahayin ba kafin ya ga nauyinsa. Abin da wani ya ce ya gani a ruwa ya juya tarihin al'umma. A 2007 gwamnatin Sin ta kafa dokar da ta ce ba a tabbatar da irin wannan magaji sai da amincewarta, shi kuwa Dalai Lama ya cika shekara 90 a 2025. Wane ne yake da ikon faɗin abin da tafki yake nufi, tambaya ce da ke gaban mahukunta a yau. Marubucin da ya je irin wannan wuri ya dawo da launin ruwa kawai, ya bar rabin labarin a gaɓa.

Abin da ya rage mana

Ko a rubuta wannan sharhi mun ci karo da matsalar a cikin Hausa. Da muka zo fassara kewayen da ake yi wa dutsen, kalmar ɗawafi ce ta fara zuwa baki, da muka zo kan miƙewa a ƙasa kuma sai sujada. Mun bar su duka biyun. Kalmomi ne masu gida, kuma aron su zai sa mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ne, ko kuma ya ji an taɓa masa nasa. Kewaye da ziyara da rub-da-ciki ba su da armashi, amma sun bar tazarar da ke tsakani a fili. Duk Bahaushen da zai rubuta labarin wurin ibadar wasu, a Indiya ne ko a Habasha, zai tsaya a wannan mararraba, kuma hanyar Thubron ta faɗin abin da ka gani ba tare da ka ari imanin mutane ko ka raina shi ba, abar koyi ce.

Darasi na biyu daga gazawarsa yake. Mu ma muna da kakannin da suka auna nahiya da ƙafa, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur suna noma suna ƙwadago a hanya, shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu suka zauna a Sudan har yau zuriyarsu na can. Littafin da ya fi shahara a kan wannan hanya, na J. S. Birks da ya fito a 1978, da Ingilishi yake. Abubakar Imam ya rubuta mana tafiyarsa Ingila, Malam Aminu Kano ya rubuta tasa, amma muryar mai tafiyar ƙasa ta yi ƙaranci a adabinmu, kuma tsofaffin da suka ji labarin daga bakin masu shi suna ƙarewa. Wayar da muke duba taswira da ita tana ɗaukar murya.

Hukuncinmu a kan To a Mountain in Tibet shi ne littafi ne mai kyau wanda ya san iyakarsa. Wanda yake neman sanin yadda mutanen Tibet suke ji game da ruwansu sai ya haɗa da wasu. Wanda kuwa ya taɓa binne nasa, ya rasa abin yi da hannuwansa bayan an watse daga zaman makoki, zai sami aboki a cikinsa. Ingilishinsa yana da ɗan nauyi, amma surorin gajeru ne, ana iya bin su ɗaya-ɗaya a waya. Muna ba da shawarar a karanta shi da taswira a buɗe, a bi kogin Karnali da yatsa har zuwa tabon nan biyu, sannan a kalli fim ɗin Zhang Yang a ga tsawon lokacin da kilomita ɗaya take ɗauka.